Harawa ko Hatsi: Me Ya Kamata Ya Cika Komin Dokin Aiki?

Duk mai doki a 'Yankuzo da sauran garuruwan ƙasar Tsafe ya san sayen doki ba shi ne wahala ba, riƙonsa shi ne aiki. Da damina abin da sauƙi, yaro zai fita da lauje ya dawo da damin ɗanyar ciyawa. Amma daga watan Fabrairu, lokacin da harawar da aka jibge a kan rumfa ta fara ja da baya, har zuwa saukar ruwa a watan Yuni, kullum safiya sai mai doki ya yi lissafi: 'yan kuɗin da ke aljihunsa, hatsi zai auno da su ko harawa zai saya?

Lissafin ya ƙara tsauri a 'yan shekarun nan. Rashin tsaro ya sa an bar gonaki da yawa na nesa da gari ba a noma su, shiga daji yankan ciyawa kuma ya zama kasada. A shekarar 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci, masu dabbobi suka ɗanɗana rashin wurin sayen abincinsu. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin dakon kowane kaya. Yau tiyar geron da za a zuba wa doki ita ce tiyar da uwargida ke jira ta tuƙa wa yara tuwo.

Cikin wannan hali ne wata dabara ke ƙara samun magoya baya. A datsa harawa da busasshiyar ciyawa da ganyen dawa ƙanana-ƙanana, a haɗa da kowar wake da ɗan dusa, a yayyafa ruwa, a mai da wannan haɗi ginshiƙin abincin doki, hatsi ya koma ƙari kawai. Injin datsa kara da masu kiwon turke ke amfani da shi ya sauƙaƙa aikin. Sai dai tsofaffin masu barga da yawa ba su yarda ba. A wurinsu dokin da ba ya cin hatsi da kyau ba dokin aiki ba ne.

Dokin da ake gardama a kansa ba na ado ba ne da ke ɗaure a turke shekara ta zagayo. Ana maganar dokin da ke fita hawan salla a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, wanda ake haya don hawan angwanci, wanda ake sukuwa da kilisa da shi, da ɗan'uwansa mai zagaya injin matse rake a wurin mazarƙwaila kamar yadda aka sani a ƙasar Maƙarfi, da mai jan amalanke kamar yadda ake gani a Senegal da wasu sassan Nijar. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma ya kamata a saurare shi har ƙarshe.

Hujjar 'yan harawa

'Yan harawa daga halittar dokin suke farawa. Tumbin doki ƙarami ne idan aka dubi girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Babban aikin narkar da abinci a can baya ake yinsa, cikin babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa ke ruɓar da ciyawa su mai da ita ƙarfi. Dokin da aka sake a makiyaya yakan shafe awa 14 zuwa 16 a yini yana kiwo, kaɗan-kaɗan, ba ƙaƙƙautawa. Allah bai halicce shi don ya cika ciki sau biyu a rana ya koma ya tsaya ba.

Akwai wani abu kuma da ba kowane mai doki ya sani ba. Tumbin doki yana zubo da ruwan asid dare da rana, ko akwai abinci ko babu, amma yawun da ke kashe kaifin wannan asid ba ya zuwa sai doki yana tauna. Kilo ɗaya na busasshiyar ciyawa yakan ɗauki doki kimanin minti 40 da tauna fiye da 3,000. Kilo ɗaya na hatsi kuwa cikin kamar minti 10 ya gama da shi. Dokin da aka cika wa komi da gero da safe, aka bar shi ba abin tauna har la'asar, asid ne ke cin bangon tumbinsa a tsakani. Daga nan gyambon ciki ke samo asali, sai a ga doki yana rama, yana ƙin sirdi, yana gurgurar itacen turke, mai shi yana zargin sammu ko kambun baka.

Hujjarsu ta biyu ita ce ciwon ciki, wanda shi ne babban mai kashe dawaki. Ƙaramin hanjin doki yana da iyakar sitacin da zai iya narkarwa a ci ɗaya. Abin da ya haura sai ya gangara babban hanji, ya yi tsami, ya kashe ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa, ya tara iska. Doki kuma ba ya amai, abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Ƙarshen abin shi ne kumburi da birgima, ko ciwon kofato mai sa doki ya kasa taka ƙasa. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 1997, wanda ya bi dawaki a gonaki 31 na tsawon shekara guda, ya nuna dokin da ke cin fiye da kilo 2.5 na hatsi da dangoginsa a yini haɗarin ciwon cikinsa ya kusan ninka na mai cin ciyawa zalla sau biyar, wanda ya haura kilo 5 kuma ya wuce sau shida. Masu auna hatsi sun san buhu mai kilo 100 yana ba da kimanin tiya 40, wato tiya ɗaya ta kai kilo biyu da rabi ke nan. Mai zuba wa dokinsa tiya biyu a rana ya san layin da yake ciki.

To me ya sa sai an datsa? 'Yan harawa suna da amsa uku. Na farko, dokin da aka cakuɗa wa hatsi da datsattsiyar harawa ba ya iya wawure hatsin, dole ya tauna, ya jiƙa da yawu, ya haɗiye a hankali. Na biyu, asara tana raguwa. Idan aka jefa wa doki damin harawa a ƙasa, ganyen yake tsincewa, ya tattake sauran, ya yi fitsari a kai, rabin kuɗin ya koma taki. Datsattsiya a cikin komi kuwa kusan duka take shiga ciki. Na uku, datsawa ce ke ba da damar haɗa mai tsada da mai araha, harawar gyaɗa da ciyawar kyasuwa, ta yadda doki ba zai zaɓe ɗaya ya bar ɗaya ba.

Suna ƙarawa da cewa wannan ba sabon abu ba ne a duniya. A ƙarshen ƙarni na 19 birnin Landan yana da dawakin aiki wajen 300,000, masu jan keken haya da na kaya, kuma manyan kamfanonin sufuri na lokacin da datsattsiyar ciyawa haɗe da ɓarzajjen hatsi suke ciyar da su, saboda sun lissafa sun ga haka ya fi riba. Har yau a Ingila da Ostareliya ana sayar da irin wannan abinci a buhu, kamfanoni irin su Dengie sun yi suna a kansa. A Siwidin kuma, masana a jami'ar aikin gona ta ƙasar, ƙarƙashin jagorancin Anna Jansson, sun horar da dawakin tsere a kan ciyawa mai inganci zalla, ba hatsi, dawakin kuma suka iya aikin da ake nema daga gare su. Idan dokin tsere zai iya, in ji su, me zai hana dokin hawan angwanci?

Hujjarsu ta ƙarshe ta aljihu ce da ta tausayi. Harawa da kowa da ganyen dawa daga gonar mutum suke fitowa, ɗan Adam ba ya cin su. Gero da dawa da masara kuwa abincin gida ne. A garin da wasu magidanta ke kwana da yunwa, rage rabon doki daga rumbu ba ƙaramin alheri ba ne.

Hujjar 'yan hatsi

'Yan hatsi ba jahilai ba ne, yawancinsu sun fi masu sukar su daɗewa a gindin turke. Idan saurayi ya zo wa dattijo da zancen tumbi da hanji, amsar da yakan samu ita ce: “Yaro, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hau naka in hau nawa, mu ga wanda zai kai Tsafe da sauran numfashi.” Saurayin in yana da ladabi sai ya ce, “Gaskiya ne Baba,” ya adana sauran maganarsa.

Suna da tarihi a bayansu. Dawakin yaƙin sarakunan Zamfara da Katsina da Gobir, da na daular Usmaniyya bayansu, ba a sake su kiwo kamar shanu. A barga ake ɗaure su, barori na yanko musu ciyawa, ana ba su dawa da gero. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna yadda wannan tsarin ciyarwa ya sa riƙon doki ya zama abin sarakuna da attajirai. Sarautar Shamaki ma don kula da barga aka kafa ta. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan ƙarfin doki a fagen daga, in ji 'yan hatsi, ba za su yi ɗaruruwan shekaru suna ɓarnar dawa a banza ba.

Suna da lissafi kuma. Ma'aunin ciyar da dawaki da majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar a 2007 ya nuna aiki mara nauyi yana ƙara buƙatar kuzarin doki da kashi 20 cikin ɗari, matsakaici da kashi 40, mai nauyi da kashi 60, mai tsanani kuwa har kashi 90. Cikin doki ba ya ƙara faɗi don aiki ya ƙaru. Abin da zai iya ci a yini bai cika wuce kashi 2 zuwa 2.5 cikin ɗari na nauyin jikinsa ba. Kilo ɗaya na hatsi yana ba da ƙarfin da ya kai na kilo ɗaya da rabi na harawa mai kyau, ya kuma ninka na busasshen kara fiye da sau biyu. Sannan dokin da ya wuni yana zagaya injin rake, ko yana ɗauke da ango daga unguwa zuwa unguwa, yaushe ya samu awa 14 na tsayawa tauna? Dole a ba shi abin da zai ƙosar da shi cikin ɗan lokacin da yake da shi.

Game da dawakin Siwidin, martaninsu mai kaifi ne. Ciyawar da aka ba waɗancan dawaki shuka ta aka yi musamman, aka yanke ta tana ɗanya shataf kafin ta yi kai, aka auna sinadaranta a ɗakin gwaji, aka adana ta yadda rana da ruwa ba su taɓa ta ba. Ina haɗinta da gambar da ta bushe a tsaye tun watan Nuwamba, ko karan dawar da ya sha ranar Maris? Ciyawar da ta tsufa ta bushe a daji sinadarin gina jikinta yakan faɗi ƙasa ƙwarai, abin da ya rage galibi itace ne. Datsa shi ba ya ƙara masa komai. Doki zai cika ciki, tumbi ya sauko, haƙarƙari kuwa a waje.

Sun fi tsananta suka a kan ƙaiƙayi. Wasu saboda neman araha sukan kwaso ƙaiƙayin gero ko na dawa daga masussuka su mai da shi rabin haɗin. Ƙaiƙayi yana tafe da ƙura da yashi da ƙananan tsinke masu soke dasashi. Ƙurar tana haddasa tari, balle da hunturu da iska ta riga ta cika da ita. Yashin yana taruwa a hanji sannu a hankali. Busasshen abu maras narkewa kuma, idan doki bai sha isasshen ruwa ba, yana iya cushewa a lanƙwasar hanji ya toshe ta. Ke nan ba hatsi kaɗai ke kawo ciwon ciki ba, 'yan harawa ma suna da nasu gawarwakin.

Akwai kuma maganar amana. Hatsi ana ganinsa, a damƙa a hannu, a tauna, a san sabo ne ko tsoho. Damin harawa ma ana iya kwance shi a ga cikinsa. Amma abin da aka riga aka datsa aka ɗura a buhu, wa ya san abin da ke ciki? Harawar da ruwa ya daka ta yi funfuna, da ɓawon gyaɗa, da shara, duk inji zai haɗiye su ya fito da su kamanni ɗaya. Wanda aka shigo da shi daga Turai kuwa, kuɗinsa sai 'yan wasan folo na Kaduna da Legas.

Maganar araha ma ba su bar ta ba. Harawa tana da araha da kaka ne kawai. Da bazara, musamman a shekarun nan da babbar salla ke faɗowa a ƙarshen rani, masu kiwon ragunan layya suna rububinta, farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Mai dokin da bai tara tasa ba zai iya tarar da cewa ƙarfin da zai saya da naira dubu a harawa bai kai wanda zai saya da ita a dawa ba.

Idan aka ɗora su a sikeli

Wanda ya saurari ɓangarorin biyu da kyau zai lura ba abu ɗaya suke kare wa ba. 'Yan harawa lafiyar cikin doki suke magana a kai, 'yan hatsi kuma ƙarfin aikinsa. Mai doki yana bukatar duka biyun, amma ɗaya yana gaba da ɗaya. Dokin da hatsi ya yi masa kaɗan zai rage gudu, ya ɗan faɗa, a gane a gyara cikin makonni. Dokin da abin tauna ya yi masa kaɗan, hatsi ya yi masa yawa, yana iya kwana lafiya ya wayi gari matacce. Kuskuren farko yana ba da lokacin gyara, na biyu sau da yawa ba ya bayarwa.

Tarihin da 'yan hatsi ke kafa hujja da shi ma, in aka duba shi da kyau, bai goyi bayansu ɗari bisa ɗari ba. Dawakin sarakunan da can suna cin dawa, gaskiya ne, amma kowane doki yana da mai yanko masa ciyawa, ba ya rabuwa da abin tauna dare da rana, kuma kusan kullum yana kan aiki. Abin da ya canza a yau shi ne mai yankan ciyawar ya tafi, dajin ya rufe, aikin ya koma na jefi-jefi, amma tiyar hatsin tana nan yadda take. An riƙe rabin gadon an yar da rabi.

A ɗaya hannun, 'yan hatsi sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari a kan inganci. Ba duk abin da ya bushe aka datsa ne abinci ba. Harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗebe da ganyensu suna da sinadarin gina jiki da ya kai ko ya wuce kashi 10 cikin ɗari, wato suna gogayya da hatsin kansa ta wannan fuska, ga su da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Karan dawa da ƙaiƙayi ba su kai rabin haka ba. Haɗin da harawa ta rinjaya a cikinsa zai riƙe doki mai matsakaicin aiki da ɗan ƙarin hatsi. Haɗin da kara da ƙaiƙayi suka rinjaya yaudarar ido ne.

Akwai kuma kuskuren da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a cikinsa, wato dogaro da dusa. Ɗan hatsi yana ƙara ta don kumbura abincin, ɗan harawa yana ƙara ta don ɗanɗano. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan. Dokin da ya daɗe a kan dusa da hatsi ba harawa jikinsa yakan koma zarar kalsiyam daga ƙashinsa, har ƙasusuwan fuska su kumbura, ya riƙa ɗingishi yau wannan ƙafa gobe waccan. A Turai an daɗe da sanin wannan cuta a dawakin masu injin niƙa, waɗanda dusa ta fi komai araha a wurinsu. Harawar wake da ta gyaɗa su ne maganinta tun kafin ta zo, kuma wannan maki ne babba ga 'yan harawa.

Sai al'adar ɗura wa doki hatsi ana saura mako guda salla don ya yi sheƙi. Ƙwayoyin da ke cikin hanjinsa suna bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin su saba da sabon abinci. Canjin dare ɗaya, ko daga harawa zuwa hatsi ko daga hatsi zuwa datsattsen haɗi, shi kansa sanadin ciwon ciki ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Haka nan dokin da ya dawo daga hawa aka ɗaure shi kwana da kwanaki, a rage masa hatsi tun ranar farko, domin cikakken hatsi ba aiki yana iya sandarar da naman cinyoyinsa ranar da aka sake ɗora masa sirdi.

Yadda za a zaɓa

A ɗauki doki mai nauyin kilo 350, wanda ba ya nesa da yawancin dawakinmu. Mafi ƙarancin busasshen abin tauna da yake bukata a yini shi ne kashi 1.5 cikin ɗari na nauyinsa, wato kilo 5 da ɗoriya. Wannan ba a taɓa shi ko wane irin aiki yake yi. Aƙalla rabinsa ya kasance harawar wake ko ta gyaɗa, sauran ciyawa mai laushi da aka yanka kafin ta tsufa, irin su kyasuwa da harkiya da ƙiri-ƙiri, ko ganyen dawa da kowar wake. Kada a datsa duka. A bar masa doguwar ciyawa ko harawa ta kwana, domin ita ce ke cinye masa dare. Wanda za a datsa kuma kada ya zama gari, tsawon gaɓar yatsa ya isa, a tankaɗe ƙasa, a yayyafa ruwa lokacin bayarwa, abin da ya rage a kwashe kafin zafi ya sa shi tsami.

Hatsi kuma a auna shi da aiki. Ranar hutu kaɗan ko babu. Lokacin aiki sosai a ƙara, amma kada ci ɗaya ya wuce kimanin kilo ɗaya ga doki mai wannan nauyi, wato ƙasa da rabin tiya, a raba sau biyu ko uku, kullum a cikin datsattsiyar harawa. Dawa da masara a ɓarza su ko a jiƙa, domin ƙwayar da ta fita cikin kashi ɗungurungum kaji aka ciyar da ita, ba doki ba. Masarar da ta yi funfuna guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar doki. Gyauron dawa ɗanye a nesanta doki da shi. Abincin kaji ko na shanu na kamfani kada ya kusanci kominsa, domin wasunsu na ɗauke da maganin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe doki. Ruwa kuma a wadata shi, lita 30 zuwa 50 a yini, fiye da haka da bazara. Kanwa al'ada ce mai kyau in ba a zarce ba, amma ba ta maye gurbin gishiri ga dokin da ke zufa. Dokin da ke ci yana ramewa, kafin a ƙara masa tiya a nemi malamin dabbobi ya duba haƙoransa da tsutsar ciki.

Wanda zai sayi haɗin da aka riga aka datsa, ya zuba hannu har ƙasan buhu. Ya ga kore-kore da ganye, ya ji ƙanshin harawa ba warin rima ba, ya watsa kaɗan cikin bokitin ruwa ya ga yawan yashin da zai kwanta. Mafi alheri ya kai nasa kayan wurin mai inji a datsa a gabansa.

Hukunci a nan shi ne 'yan harawa sun yi nasara a kan ginshiƙi, 'yan hatsi sun yi nasara a kan sharaɗi. Datsattsiyar harawa mai kyau ita ta cancanci cika komin dokin aiki, hatsi ya biyo baya gwargwadon zufar da dokin ya yi. Amma wannan nasara a watan Oktoba ake samunta, ba a watan Afrilu ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da takwararta ta dabbobi da ke Shika, tare da cibiyar IITA ta Kano, sun daɗe suna aiki a kan irin wake da gyaɗa masu ba da ƙwaya da harawa tare, manomanmu kuma sun san waken Kanannado da yawan harawarsa tun kaka da kakanni. Masu dawakin 'Yankuzo da Tsafe da Gusau da Bunguɗu, ku ware wa doki kadadarsa tun ranar shuka, ku ɗebe harawa da sauran korenta, ku ɗauke ta daga rana ku sa a inuwa, nesa da ƙasa da ruwan bazara. Ku haɗa kuɗi ku sayi injin datsawa ɗaya a unguwa in da hali. Wanda ya yi haka ba zai shiga rumbun iyalinsa don ciyar da doki ba, dokinsa kuma zai kai shi inda za shi ya dawo da shi.